Kamfanin da muke odar kayan ƙara wa mota gudu yana ta ja baya: wa ya gani da idonsa?

Mai Tsohuwar Camaro, Ohio

Assalamu alaikum jama'a. Ina so duk wanda ya taɓa hulɗa da kamfanin nan mai aiko katalog ya faɗi abin da ya same shi, mu haɗa labari mu ga ko ni kaɗai ne. Ba zan kama suna ba, akwai bayin Allah da har yanzu a can suke cin abinci, kuma waɗanda suka sani sun sani.

Ni dai na haura shekara 20 ina sayen kaya a wurinsu saboda Camaro ɗina ta 1979, mai injin 350. A da in na buga waya ranar Litinin, kafin Alhamis kwali yana bakin ƙofa, har da 'yan sitika kyauta da yara ke rububi. Bana na yi odar salansa tun farkon azumi, ranar aka cire kuɗin, ga shi mun ci naman layya babu salansa babu labarinta. Na kira sau huɗu. Kowane kira sai na yi wajen minti 40 ina sauraren kiɗa, sannan wata yarinya ta karanto mini abin da ke kan kwamfutarta: kayan suna hanya daga masana'anta. Wato ba su da shi a sito ke nan, sun karɓi kuɗina ne sannan suka fara nema.

Bakanike a Bronx

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba kai kaɗai ba ne. Amma ni ba jinkirin ne ya fara tayar mini da hankali ba, layin wayar masu ba da shawara ne.

Akwai wani dattijon Bature da ke ɗaukar wannan layin, muryarsa a dishe kamar ta mai shan taba. Wata rana na kira da zumuɗina zan sayi kafireta Holley 750, don na ga ita ce babba a shafin. Mutumin nan bai ce mini uffan a kan farashi ba. Sai tambaya: injin nawa ne, an taɓa kan injin ko yadda ya fito daga kamfani yake, giya ta hannu ce ko otomatik, a titi nake hawa ko filin tsere. Da na gama ba shi amsa sai ya ce in bar 750, in ɗauki 600, in ba haka ba motar za ta riƙa shaƙewa duk lokacin da na taka wuta daga tsaye. Ya sayar mini da mai arha, ya rage wa kamfaninsu ciniki, ni kuwa ya ɗaure ni shekara 15 ban je ko'ina ba.

Karo na ƙarshe da na kira layin, wanda ya ɗauka ya tambaye ni lambar kayan. Na ce ai lambar nake so ka taya ni nema. Ya ce in duba shafinsu. To in dai ni zan duba da kaina, me zai hana in duba inda ya fi arha? Tun ranar ban koma ba.

Direban Tirela

Ni ban taɓa saye ba, amma na sha sauke musu lodi. Lokacin da na fara zuwa, sai ka yi awa biyu a layi kafin a ba ka ƙofa, masu foklif na ta kai-komo. Zuwana na baya-bayan nan ƙofa uku kawai ke buɗe, rabin kantocin ciki wayam, an ja igiya an tsare wani ɓangare. Wanda ya sa mini hannu a takarda ya ce yawancin oda yanzu daga masana'anta ake tura wa mai saye kai tsaye. Shi ya sa, Alhaji, ita yarinyar ba ƙarya take maka ba, ita ma ba ta san inda salansarka take ba.

Baban Yara, Chicago

Yara, wannan hanya wasu sun riga sun bi ta. Ba kamfanin da Alhaji ke nufi ba ne, amma mu mazauna Chicago mun ga yadda ta kasance da JC Whitney, kamfanin sayar da kayan mota ta katalog. Wani baƙo daga Lituwaniya, Israel Warshawsky, shi ya fara a 1915 da sana'ar gwangwan a kudancin gari, yana farfasa matattun motoci yana sayar da sassansu, irin dai abin da muka sani a Panteka ta Kaduna. Ɗansa Roy ya shigo a 1934, shi ya faɗaɗa harkar katalog har ta game ƙasar. Akwai lokacin da da wuya ka shiga garejin Ba'amurke ba ka tarar da littafin nan duk ya sha baƙin mai ba.

Roy ya rasu a 1997. A 2002 wani kamfanin masu zuba jari ya saye, a 2010 aka sake sayarwa ga U.S. Auto Parts a kan dala miliyan 27.5, a 2020 kuma shi mai sayen ya koma CarParts.com. Sunan bai mutu ba, amma gidan ya sauya hannu har sau biyu cikin shekara takwas. Abin da na lura da shi a irin wannan ciniki, ko a wane fanni, wanda ya kafa yana ƙirga kwastoma, wanda ya saya yana ƙirga kayan da ke kwance a sito. Kaya a kwance kuɗi ne a ɗaure, don haka shi ake fara ragewa, sai tsofaffin ma'aikata masu albashi mai kauri.

Kuma kada a ce duk masu katalog ne suka durƙushe. Summit Racing da JEGS, dukkansu 'yan Ohio, tun shekarun 1960 suke, ga su nan suna ciniki.

Ɗan Autan Gareji, Houston

Baba, a gafarce ni, amma ni ina ganin ba laifin masu jari kaɗai ba ne. Motocin ne suka canza. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da ramin nan na jona kwamfuta da ake kira OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Mu yanzu in muna son ƙarin ƙarfi, kwamfuta muke jonawa mu gyara lissafin mai da iska, ba sukudireba muke sa wa kafireta ba. Rabin abin da ke cikin katalog ɗin su Alhaji ba ya ma shiga motata. In kuma a Kalifoniya kake, kayan da ya shafi hayaƙi sai yana da lambar amincewar CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, in ba haka ba ranar gwaji a kora ka.

Ga RockAuto mai sayar da kayan mota ta intanet tun 1999, ga eBay, ga Amazon, su kansu masana'antun sun buɗe shafukansu. Shawarar da dattijon nan ke bayarwa kuwa, yanzu mutum ɗari sun yi bidiyonta a YouTube. Sannan da can in ka yi oda daga wata jiha ba a cajin ka harajin saye, wannan ma riba ce a kan shagon unguwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Wayfair ya rufe wannan ƙofar.

Bakanike a Bronx

Auta, bidiyo ba ya tambayar ka wace giya ce a motarka. Kai kake kallon sa, shi bai san da kai ba.

Maman Gida Akanta

Ku bar muhawara ku taya Alhaji ceto kuɗinsa. Ni na saya wa maigida katin kyauta na dala 200 a wurinsu, duk abin da ya zaɓa sai a ce babu, katin yana nan a durowa.

Alhaji, dokar FTC, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, ta ce in ba a faɗi ranar aikawa ba, kwana 30 mai sayarwa yake da shi. In ba zai iya ba, dole ya sanar da kai, ya ba ka zaɓi ka jira ko a mayar maka da kuɗi. In da katin bashi ka biya, kira banki yau ɗin nan ka ce an caje ka kayan bai zo ba. Ƙa'idar kwana 60 ce daga ranar da aka aiko takardar lissafin da cajin ya fito a ciki, kai kuwa daga farkon azumi zuwa layya da alama har ka wuce ta, don haka kada ka bari ya kwana. Kuma in sun ce za su ajiye maka kuɗin a asusunka na wurinsu, ka ce a'a. In kamfani ya shiga kotun fatara, masu irin wannan ajiya da masu kati irin nawa can bayan layi suke.

Mai Gareji a Kano

Mu ma nan ta shafe mu. Yayana ya yi mini odar shokozoba daga wurinsu, aka saka a cikin motar da ya turo ta Kwatano. Wata uku ina jira. Da na buɗe kwali, lambar jikin kwalin daidai, abin da ke ciki na wata mota ne daban, har da alamar an taɓa ɗaura shi. Wa zan mayar wa? Na kai Kofar Ruwa na yi musaya da na Beljiyam, na cika kuɗi.

Mai Tsohuwar Camaro, Ohio

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na kira banki kamar yadda kika ce, sun mayar mini da kuɗin na wucin gadi suna bincike. Jiya ina kwashe tarkace a gareji na ci karo da katalog ɗinsu na 2004, a bayan bango na rubuta lambar teburin dattijon nan da biro. Malam na Bronx, ina jin mutum ɗaya muka riƙa kira. Na gwada lambar, na'ura ta ce babu ita.

Yanzu dai motar tana kan jak. In akwai wanda ya san inda zan samu salansa mai bututu inci biyu da rabi da za ta hau Camaro 1979 ba sai an yi walda ba, ya taimaka ya yi mini magana kafin sanyi ya shigo.