Harsashin dusar yuraniyom: tururin nukiliya ne haɗarinsa ko ƙurarsa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Tun da Birtaniya ta sanar a watan Maris na 2023 cewa za ta bai wa Yukren tankokin Challenger 2 haɗe da harsasan dusar yuraniyom, wato ragowar ƙarfen yuraniyom bayan an tace shi, Amurka kuma ta bi sahu a watan Satumba da na tankokin Abrams, ake ta cewa wannan harsashi ƙaramin makamin nukiliya ne, duk ƙasar da ya faɗa ta gurɓace ke nan har abada. Ni na tsaya a kan cewa maganar tana da tushe. An harba kimanin tan 300 a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, kuma yuraniyom-238 sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ƙare. Abin da aka zuba a kudancin Iraƙi da Kuwaiti yana nan bai je ko'ina ba.

Malama Zainabu: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, wannan biliyan 4.5 da ka kawo hujja ce a kanka. Sinadarin da ke daɗewa haka bai ƙare ba, a hankali yake sakin tururinsa, shi ya sa yake da rauni. Masu zafin tururi su ne masu ƙarewa cikin kwanaki ko 'yan shekaru.

Mu fara da asalin abin. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, kashi 99.3 cikin ɗari nau'in 238 ne, kashi 0.7 kawai ne nau'in 235, wanda shi ake nema don tashar lantarki ko bam. Idan aka tace aka kwashe 235 ɗin, abin da ya rage shi ne dusar, mai 235 kashi 0.2 zuwa 0.3. Ƙarfin tururinta kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na yuraniyom ɗin da ke cikin dutse. Ko tan nawa aka tara ba ta yin fashewar nukiliya, don haka kiranta makamin nukiliya kuskure ne tun daga tushe.

Tururin nukiliyar da take fitarwa iri uku ne: alfa, beta da gama. Yawancin ƙarfinsa na alfa ne, wanda takarda ɗaya ko mataccen saman fata ke tarewa. Akwai beta daga toriyom-234 da furotaktiniyom-234 da take rikiɗewa zuwa gare su, sai gama kaɗan. Wanda ya riƙe tsuran ƙarfen a hannu, fatar wurin tana samun kimanin milisiba 2 a awa (milisiba ma'aunin tururin da jiki ya sha ne). Iyakar da aka sa wa fatar ma'aikacin nukiliya milisiba 500 ce a shekara, wato sai ya riƙe shi awa 250. Safar hannu ma tana rage betan ƙwarai.

Injiniya Sabo: Gaskiya ne, kuma sojoji ba don tururi suke son sa ba. Don nauyi ne. Santimita ɗaya ta kowane ɓangare tana da nauyin giram 19, dalma kuwa giram 11.3. Ana gauraya shi da titaniyom kashi 0.75 a ƙera doguwar sanda mai tsini. Na bindigar jirgin yaƙin Amurka A-10 mai milimita 30 yana ɗauke da kimanin giram 300, na tankar Abrams mai milimita 120 kuwa ya haura kilo 4.

Abu biyu suka fifita shi a kan tangistan, wani ƙarfe mai nauyi da shi ma ake ƙera irin wannan harsashi da shi. Kan tangistan yana dakushewa ya baje idan ya daki sulke, shi kuwa gefensa ne ke ɓarewa yana ƙara tsini yayin da yake shiga. Na biyun shi ne inda gizo ke saƙar: gutsattsarinsa suna kamawa da wuta da kansu da zarar sun haɗu da iska da zafi. Cikin tankar sai ya cika da wuta da baƙar ƙura mai laushi, wadda yawancinta ba ta kai maikiron 10 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Waɗanda ke ƙasa da maikiron 5 suna wucewa har can ƙasan huhu. Saboda haka maganar Malama ta cewa fata na tare alfa daidai ce, amma cikin huhu babu wannan fatar.

Alhaji Ɗanjuma: To ai mu duba mutanen da abin ya shiga jikinsu da gaske. Tun 1993 wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin Baltimore na Amurka yake bibiyar sojojin Amurka da 'yan uwansu suka harba bisa kuskure a 1991. Wasunsu har yau gutsattsarin ƙarfen na cikin namansu, fitsarinsu kuma yana nuna yuraniyom mai yawa. Shekara da shekaru ana auna su, ba a ga ƙodarsu ta lalace ba, ba a ga ciwon daji ya yi musu yawa ba. A 2021 kuma masu bincike Parrish da Haley sun auna fitsarin tsofaffin sojoji 154, da masu fama da ciwon da ake kira na Yaƙin Tekun Fasha da lafiyayyu, ba su sami dusar yuraniyom a jikin kowa ba. Idan waɗanda ke cikin tankar sun tsira, mene ne na tsorata wanda ke da nisan kilomita 20?

Dokta Rakiya: Alhaji, hujjojinka biyu ingantattu ne, amma ka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Mutanen Baltimore ba su kai ɗari ba, dukansu maza ne da aka tantance lafiyarsu kafin su shiga soja. Rukuni irin wannan zai nuna cuta mai yawan aukuwa, amma ba zai iya nuna ƙarin ciwon dajin da ke kama mutum ɗaya cikin dubu ba. Ba kuma zai faɗa mana komai a kan mai juna biyu ko yaro mai rarrafe ba.

Ga yadda yake tafiya a jiki. Kowa ma yana da yuraniyom a jikinsa, kimanin maikirogiram 90 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), daga ruwa da abinci, mafi yawa a ƙashi. Idan an haɗiye shi, hanji na tsotsar kimanin kashi 2 cikin ɗari na mai narkewa, kashi 0.2 na marar narkewa, sauran ya fita a bayan gida. Wanda ya shiga jini, kusan kashi biyu cikin uku na fita a fitsari a rana ta farko. A hanyar fitar nan ce yake yin ɓarna, domin ƙarfe ne mai guba kamar dalma, yana cin ƙananan bututun ƙoda na farko inda ake mayar da sukari da furotin cikin jini. Alamar farko ita ce a ga sukari da ƙananan furotin a fitsari. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne maikirogiram 3 a kowane giram na ƙoda. Wannan gubar sinadari ce, babu ruwanta da tururi, kuma ita ke riga zuwa idan mutum ya shaƙi mai yawa lokaci guda.

Ƙurar da ba ta narkewa ita ce mai zama a huhu da ƙulluwan da ke kewaye da shi, shekaru tana harbin ƙwayoyin halittar da ke maƙwabtaka da ita da alfa. Gwaji a ɗakin bincike ya nuna tana lalata ƙwayar gado, ɓerayen da aka dasa wa gutsattsari a nama kuma wasu sun yi ƙari. Shi ya sa masanan Royal Society na Birtaniya, a rahotanninsu na 2001 da 2002, suka ce ga yawancin sojoji haɗarin kaɗan ne, amma wanda ya tsira a cikin tankar da aka harba, ko ya daɗe yana aiki a cikinta babu kariya, haɗarin kansar huhu da ciwon ƙoda na iya ƙaruwa gare shi.

Malam Habibu: Na janye kalmar makamin nukiliya. Amma Dokta, birnin Basra na kudancin Iraƙi fa? An wallafa a 2010 cewa kansar jini a yaran Basra ta fi ninki biyu tsakanin 1993 da 2007. Ga likitocin Falluja, a Iraƙin dai, da suka yi ta kuka kan jarirai masu tawaya bayan yaƙin da aka yi a garin a 2004. Ga Italiya, inda kotuna suka sa aka biya diyya ga sojojin da suka yi aiki a Bosniya da Kosobo. Duk wannan ba zai zama banza ba.

Dokta Rakiya: Ba banza ba ne, yaran sun yi ciwo da gaske. Abin da ba a tabbatar ba shi ne sanadin. Masu binciken Basra da kansu ba su ce yuraniyom ne ba. A yankin nan an ƙone rijiyoyin mai fiye da 600 a Kuwaiti a 1991, ga sinadarin benzin da ke cikin mai, wanda sananne ne wajen jawo kansar jini, ga makamai masu guba na yaƙin Iran da Iraƙi, ga dalma da zaiba daga sauran harsasai, ga yunwar shekarun takunkumi. Kuma yuraniyom ba ya cika kai wa ɓargo inda kansar jini ke farawa; huhu da ƙoda da ƙashi ne inda ake sa ran ganin illarsa. Hukuncin kotu kuwa ma'auninsa daban: alƙali na iya cewa an tura soja babu kariya alhali an san akwai haɗari, wannan ya isa a biya diyya ko da ba a tabbatar da sanadin ciwon ba.

Alhaji Ɗanjuma: Kuma Ma'aikatar Lafiya ta Iraƙi, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da rahoto a 2013 cewa babu hujja bayyananniya ta ƙaruwar haihuwar jarirai masu tawaya.

Dokta Rakiya: Ta fitar, amma an soke shi sosai, domin ya dogara ne a kan tambayar iyaye mata gida-gida, ba kundin asibitoci ba. Uwa ba za ta san cewa jaririn da ya rasu kwana biyu da haihuwa yana da huda a zuciya ba. Hanyar raba gardama tana nan, ba a yi ta da yawa ba ne. A tara fitsarin awa 24 a auna rabon nau'in 238 da 235. Na asali 138 ne bisa 1, na dusa kuwa kusan 500 bisa 1. Idan rabon ya haura 138, an san daga harsashi ne. Yawan yuraniyom kaɗai ba ya isa, don ruwan sha ma na iya ɗaga shi.

Malam Isiyaku: Bari in shigo da maganar ƙasa da ruwa, don nan ne farar hula suke. Yawancin harsasan jirgin A-10 ba sa samun tanka, cikin ƙasa suke nutsewa ba tare da sun ƙone ba. A Bosniya an harba kimanin 10,800 a 1994 da 1995, a Kosobo kimanin 31,000 a 1999. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta je ta auna. Ba ta sami gurɓacewar da ta mamaye yanki ba, gurɓacewar tana kusa-kusa da ramin da harsashin ya shiga. Amma a rahotonta na Bosniya na 2003 ta ce sandunan da ke ƙasa sun yi tsatsa sun rasa kimanin kashi 25 cikin ɗari na nauyinsu a shekara bakwai, za su iya narkewa gaba ɗaya cikin shekara 25 zuwa 35, kuma ta sami alamarsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa a Hadzici, ko da yake kaɗan ne. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha maikirogiram 30 ce a lita, shi ya sa ake son a riƙa auna rijiyoyin da ke kusa shekara-shekara.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne yaran da ke wasa cikin ƙonannun tankoki suna kai hannu baki, da 'yan gwangwan da ke yanka tankar da wutar walda, don yankan yana sake tayar da ƙurar kai tsaye zuwa hancinsu. A Iraƙi hukumomi sun gano wurare fiye da 300 da suka gurɓata.

Aikin tsaftacewa ba shi da wuyar fahimta. A killace wurin. A bi ƙasa da na'urar auna tururi ta Gaiga mai faffaɗan baki mai jin beta, a riƙe ta dab da ƙasa, domin sandar da ta nutse ƙasa da 'yan santimitoci na'urar ba za ta ji ta ba. A jiƙa ƙasar kafin a tona don kada ƙura ta tashi. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi mai tace ƙura, ya ɗauki sandar da matsefi tare da ƙasar da ke kewaye da ita mai ɗauke da rawayar tsatsa, a zuba a durom a rufe a yi masa alama. Tankar kuwa ba a yanka ta, ba a narka ta.

Malama Zainabu: Kuskuren da ake yawan yi ke nan, a zo da na'urar auna gama a tsaya a tsaye, a ga ba ta motsa ba, a ce wurin lafiya lau.

Alhaji Ɗanjuma: Na yarda da kwashewa da killacewa. Haramtawa gaba ɗaya, kamar yadda Beljiyam ta yi a 2007 da Kosta Rika a 2011, shi ne ban gamsu ba. Madadinsa tangistan ne, kuma gaurayensa da nikel da kobalt ya jawo mugun ƙari a ɓeraye a gwajin da aka wallafa a 2005.

Malam Isiyaku: Alhaji, ko ba a haramta ba, akwai abin da ya zama dole. Duk aikin da na lissafa ba ya yiwuwa sai an san inda aka harba. NATO ta bayar da jerin wurare 112 na Kosobo a 2000, da shi aka je aka auna 11 daga ciki. Na yaƙin Iraƙi na 2003 kuwa sai bayan fiye da shekara goma wani ɓangare ya fito fili, lokacin an riga an kwashe tarkace an sayar. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana ta zartar da ƙudurori a kan batun tun 2007, na baya-bayan suna neman a miƙa waɗannan bayanai, Amurka da Birtaniya da Faransa da Isra'ila na jefa ƙuri'ar ƙi. A Siriya ma an harba fiye da 5,000 a watan Nuwamba na 2015. Na Yukren yanzu, tambayata ita ce wa ke rubuta inda kowace sanda ta faɗa, kuma wa zai miƙa wa manoman wurin takardar.

Malam Habibu: A nan mun haɗu. Amma Dokta, ni ban bar maganar Basra ba tukuna. Sai an auna fitsarin yaran da ke kusa da wuraren tara tarkace da irin gwajin da kika faɗa, an gwama da na yaran da ke nesa, sannan zan ce an wanke dusar yuraniyom daga zargi.