Wasan kwaikwayo kan safarar 'yan mata: ta ina za mu fara?

Maman Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyarmu ta mata na son 'yan Islamiyya su yi wasan kwaikwayo kan safarar 'yan mata ranar walimar sauka. Ina za mu je a nan Legas mu ga yadda ake yi?

Malam Bala, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku leƙa gidajen wasanni irin Terra Kulture a Victoria Island ko MUSON a Onikan, sai dai tikitinsu ba na talaka ba ne. Akwai kuma Freedom Park a Broad Street, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar wurin wasanni.

Hauwa, Obalende: Mama, ku fara da fim ɗin Òlòtūré na 2019, wanda Kenneth Gyang ɗan Jos ya ba da umarni. 'Yar jarida ce ta saje da karuwan Legas don ta gano masu fitar da su waje zuwa Italiya. Amma kar a kunna gaban yara.

Anti Rabi, Mile 12: Na gani, ya yi kyau, amma kar ku kwafo shi. Da kun ambaci Italiya, iyayenmu za su ce ai wannan matsalar 'yan Benin ta jihar Edo ce. Gaskiya can abin ya yi ƙamari: a 2016 kaɗai matan Najeriya kusan 11,000 suka isa Italiya ta teku, har a 2018 Sarkin Benin, Oba Ewuare II, ya tara matsafa ya warware rantsuwar da ake ɗaure 'yan matan da ita. To amma ta ina ake bi da su? Ta Kano, Agadas, Sabha ta Libiya. Mu kuma namu salon daban: Hajiya ce mai gwala-gwalai za ta shigo gida da sallama da tsaraba, ta ce aikatau ta samo wa yarinya a Saudiyya ko Libiya, ita za ta biya fasfo da kuɗin ejan. Ana isa a karɓe fasfon, a ce sai an biya bashi. Ba tsafi ake ɗaure namu da shi ba, da kunya ake yi, don yarinya ta gwammace ta mutu da ta faɗi abin da aka sa ta. Wannan Hajiyar za ku ɗora a dandamali, kuma kar a yi mata fuskar mugunta.

Malam Bala: Anti, gaban malamai da iyaye fa za a yi. A yi hattara.

Anti Rabi: Malam, ba wanda ya ce a nuna ɗakin karuwai. Tsakar gida ta isa, inda uwa ke lissafin kayan ɗaki.

Yaya Sani, Ijora: Ku ɗauki salon sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, yadda suke yi a Samaru da ƙauyukan Zariya. A tsayar da wasa daidai lokacin da uwa za ta amsa, a tambayi 'yan kallo me za ta ce. Sannan ku rubuta wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da aka kafa a 2003, ofishinsu na Ikeja, ku roƙi jami'i ya zo ya amsa tambayoyi.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Anti Rabi, ke za ki fito a Hajiyar nan. Gwaji ranar Asabar bayan la'asar.

Anti Rabi: In dai za a ara min gwala-gwalan, na yarda.