Kifin gobi mai tankaɗen yashi: yaya zan hana shi tsalle?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Tankina na ruwan gishiri lita 200 ne, watansa huɗu da kafawa, ba shi da murfi. Yashin ƙasan tankin ya fara yin launin ruwan ƙasa, shi ne nake son saka gobi mai ɗigon ruwan lemo, Valenciennea puellaris, ya riƙa juya shi. Mai shago ya ce kifin gwanin tsalle ne. In sa a yanko min gilashi in rufe, ko in rage ruwan kawai? Kuma abin da zai tsinta a yashi ya ishe shi abinci?

Malam na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗan dakata da sayen nan tukuna. Tsalle ne aka fi jin labarinsa, amma yunwa ma tana cinye wannan kifi, a hankali, mai tanki bai ankara ba.

Yadda yake ci ke nan: ya cika baki da yashi, ya tace ƙananan halittu da tsutsotsin da ke ciki, sauran ya zubo ta ƙofofin numfashinsa na gefen kai, kamar mai tankaɗe da rariya. Wuni yake yi yana wannan aiki. Tankin wata huɗu bai tara halittun ba, kuma ko na shekara ne, kifin da ke kaiwa santimita 15 zai share lita 200 cikin 'yan makonni. Ka bar tankin ya kai wata shida zuwa sama, sannan ka sa a ranka kai ne za ka ciyar da shi. Sau biyu ko uku a rana: kashe famfon da ke juya ruwan tanki na minti goma, ɗauki sirinji da ɗan siririn tiyo, ka zuba abincin a kan yashi daf da bakin raminsa. Idan ka watsa a sama, sauran kifaye za su wawashe kafin ya sauka. Ƙananan jatan landen mysis na firiza ya fi so, amma da yadda ake ɗauke wuta a garin nan, abin da ya narke ya sake daskarewa ya lalace. Don haka ka saba masa da ƙwayoyin abinci masu nutsewa, na milimita 1. Kuma kada ka biya kuɗi sai mai shago ya ba shi abinci a gabanka ya ci. Ka dubi cikinsa: idan ya lotsa, bayan kai ya rame, bar shi.

Yashi ya zama aragonait mai laushi, wato yashin teku mai sinadarin alli, ƙwayarsa milimita 0.5 zuwa 1.5, zurfin santimita 5 ko ɗan fi. Dakakken murjani mai kaifi yana ji masa ciwo a baki da wurin numfashi. Duwatsu kuma su zauna a kan gilashin ƙasa, yashi ya zo daga baya, domin a ƙarƙashin dutse yake haƙa rami. Dutsen da aka aza a kan yashi zai rufta masa, ko ya jingina ya tsaga gilashi.

Launin ruwan ƙasan da kake gani kuwa, gansakukar sabon tanki ce da ke cin ma'adinin silika na cikin ruwa. Kifin zai juya ta, amma asalin maganin ruwan da aka tace da na'urar RO ne, mai cire ma'adinai daga ruwa, ba na rijiyar burtsatse ba.

Hajiya ta Obalende:
Malam ya gama maganar ciki, bari in ɗauki ta murfi. Rage ruwa ba ya hana komai, tazarar santimita biyar ba ta kai tsallensa ba. Gilashi kuma ban ba ka shawara ba a zafin Legas. Yana riƙe zafi, yana hana iska shiga ruwa, gishiri kuma ya bushe a jikinsa ya tare haske. Tankin nan digiri 24 zuwa 27 yake so, ruwan ɗumi kuma iskarsa kaɗan ce. A ɗauke wuta famfo ya tsaya ga tanki a toshe, kifi zai taso sama yana haki, daga nan sai neman hanyar fita.

Raga ce magani. Ka nemi ta roba marar launi mai ido milimita 6. Ka kai awon bakin tankinka wajen masu haɗa tagar alminiyom, su yi maka firam irin na ragar sauro, su matse ragar da robar da suke cusawa a kwarmin. Kada su sa ta ƙarfe, za ta yi tsatsa, kuma ko kusa kada tagulla ta taɓa ruwan, guba ce ga murjani da jatan lande. Ragar sauro kanta tana tare kifi, sai dai tana rage haske ƙwarai. Farin faranti mai gida-gida da ake rufe fitilar silin, idonsa ya haura santimita ɗaya, siririn gobi yana bi ta ciki.

Inda ake yin asara shi ne kusurwa: wurin da wayar famfo da tiyo suka shiga, da bayan akwatin malalar ruwa. Kifin nan jikin gilashi yake bi ya yi sama kamar kibiya, sai ya dace da ƙofar da ka raina. Duk ramin da ɗan yatsanka zai shiga, toshe shi da soso. Da raga za ka iya kunna fanka ta hura saman ruwa. Abin da ya ƙafe ka cike da ruwan RO zalla, ba na gishiri ba, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025.

Ɗan Agege:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka. To me ke sa shi tsallen tun farko? Kuma in sayi biyu don su ɗebe wa juna kewa?

Alhaji na Mile 12:
Firgici ne. Daren farko zuwa mako biyu, kafin ya haƙa rami, nan ne haɗarin ya fi yawa, saboda haka murfi ya riga kifi zuwa gida. Ka sake shi da yamma fitila a kashe. Sai hasken da ke ɗaukewa ko dawowa farat ɗaya cikin dare: ka ɗora fitilar tanki da famfo ɗaya a kan inbata, ka ajiye famfon iska mai batir a kusa. Sai kifin da ke korarsa, musamman wani mazaunin ƙasa mai son ramin.

Maganar biyu, sai idan mace da namiji ne da aka kawo tare suna rami ɗaya. Maza biyu faɗa za su yi har ɗaya ya fice. A lita 200 ma ɗaya ya isa, yashin ba zai ɗauki baki biyu ba. Idan an nuna maka mai kai ruwan zinare, Valenciennea strigata, ka sani shi yakan tashi sama da yashin ya zazzage shi a kan murjani. Signigobius biocellatus mai ido biyu a fiffike kuwa kyakkyawa ne, amma da wuya ya karɓi abincin hannu, ka bar shi.

Idan ka tarar da kifi a ƙasa jikinsa da sauran danshi, jiƙa hannunka ka ɗauke shi, ka riƙe shi cikin ruwa inda famfo ke turowa a hankali har numfashinsa ya daidaita. Ka kashe fitila ranar, sannan ka bi gefen ragar da yatsa ka gano ta inda ya fita.