Itacen turare ne ya shanye rafukan Mambila?

Ɗan Nguroje: Salamu alaikum jama'a. Na je gida bikin ƙanwata, na tarar da rafin da muke iyo a ciki muna yara ya koma kamar zare, ko tulu sai an karkata shi kafin ya cika. Tun daga bakin ruwan har sama itacen turare (eucalyptus) ne a jere. Ni dai na ce itacen nan ne ya shanye ruwan tudunmu na Mambila da ke jihar Taraba. A sare shi duka a huta.

Hajiya mai katako: Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗakin da ka kwana a cikinsa, da wane icce aka yi rufinsa? Tuwon bikin kuma da me aka dafa? Tudun nan ciyawa ce ta fi yawa a kansa. Ina yarinya sai mun gangara kurmi muke samo itacen girki. Turaren da kake zagi ne ya sa aka ɗaga wa kurmin ƙafa, kuma da kuɗin katakonsa mutane da yawa suke biyan kuɗin makaranta.

Malamin gona: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma yaron nan bai yi ƙarya ba. Asalin itacen daga Ostireliya yake. Yana saurin girma, ba ya kaɗe ganye da rani, saiwarsa kuma tana nitsewa ƙasa sosai. Ciyawa in ta bushe ta daina shan ruwa, shi kuwa yana ta zuƙa har watan Maris, lokacin da rafi ya fi bukatar ɗan abin da ya rage a ƙasa. A Afirka ta Kudu sun daɗe suna auna wannan a kan duwatsunsu, shi ya sa dokar ruwa ta 1998 ta ce sai da lasisi za ka kafa gandun irin waɗannan itatuwa. Tun 1995 ma suke ɗaukar mutane aikin sare su daga bakin koguna.

Ɗan Nguroje: To Malam, ai ka goyi bayana ke nan.

Malamin gona: Rabi. Na bakin rafi da na kan idon ruwa nake magana. Wanda ke can kan gangare nesa da ruwa, ɓarnarsa ba ta kai haka ba. "Duka" ɗin nan taka ce ban saya ba.

Ardo: Ku ƙara da cewa ciyawar kirki ba ta fitowa a ƙarƙashinsa. Mutum zai shuka turare ya zagaye da waya, burtali ya toshe, saniya ta rasa hanyar mashaya.

Wata 'yar Gembu: Baffa Ardo, a yi mini afuwa, amma shanun ma fa? Ka tsaya a hanyar Mayo Ndaga ka dubi gangaren tuddai, duk sawun kofato ne kamar matakala. Ƙasa ta daddaɓe, in an yi ruwa ba ya nitsewa, sai ya kwaranye jajir da laka. Ga ƙunar daji kowace shekara, wuta tana cin gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Ko babu turare ko ɗaya, rafin da ba a bar ƙasa ta ajiye masa ruwa ba zai ƙafe.

Ardo: 'Yata, wutar ba mu kaɗai ke sa ta ba, mafarauta ma suna yi. Kuma shanun da kika gani, nawa ne na masu sanda, nawa ne na manya da ke zaune a birni?

Ɗalibi a Habasha: Mu nan Adis Ababa turaren ne ya riƙe garin. A zamanin Sarki Menelik aka kawo shi, bayan itacen wuta ya ƙare a kewayen birnin. Har yau za ka ga mata suna saukowa daga dutsen Entoto da dammai a baya. Amma su ma sun fara cire shi a wasu wuraren suna mayar da itatuwan gida.

Malamin gona: Ba sai an je Habasha ba, a je kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, a nan Mambila. Inda kurmin asali ya tsira, ƙasa tana da laima ko da rani, ruwa yana tsattsafowa. Irin waɗancan itatuwan ya kamata su koma bakin rafi. Matsalarsu jinkiri: wanda ya shuka ba lallai ya ci kuɗinsu ba.

Ɗan Nguroje: To na janye "duka". Sai dai turaren da ke bakin rafin namu na kawuna ne, kuma ba ni da bakin gaya masa.

Hajiya mai katako: Ka ce masa akwai mai saye. Nawa ne kaurinsu?