Maƙwabciyata malamar asibiti ba ta yi wa 'yarta rigakafin sankarar bakin mahaifa ba, ni in yi wa tawa?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Ummi ta dawo daga makaranta da takarda, wai za a zo yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Shekararta 11. Babanta ya ce duk yadda na gani, amma Hajiyarsa ta kafe: me ya sa mata kaɗai, kuma kyauta, alhali ko maganin zazzaɓi sai mun saya? Na leƙa wurin maƙwabciyata da ke aikin asibiti don hankalina ya kwanta, sai ta rage murya ta ce ita ma ba ta yi wa tata ba, tana jira ta gani tukuna. Wallahi wannan ya fi maganar Hajiya tayar min da hankali. Takardar na nan ƙarƙashin filas, ban sa hannu ba.

Dattijon Fagge:
'Yata, kada ki ga laifin Hajiya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Ba rigakafi ba ne, amma wa ya tsaya bambancewa? Da tsoron ya haɗu da jita-jitar hana haihuwa, a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, sai a 2004 gwamnatin Shekarau ta yarda bayan an kawo na Indunusiya. Ni da kaina na kori masu ɗigon, masu rubutun alli a bango, daga ƙofar gidana. Jikokin da aka ɗiga wa daga baya a ɓoye, da haɗin bakin iyayensu mata, yau biyu na goyo.

Malamar Awo:
Maman Ummi, shekarata 14 a ɗakin rigakafi, kuma gaskiya muna da irin maƙwabciyarki da yawa. Farar riga ba ta hana mu jin saƙon murya a WhatsApp, mu ma muna da surukai. Sau da yawa bitar kwana ɗaya ake mana, a koya mana cike kati da adana allura cikin sanyi, ba a zauna an amsa namu tambayoyin ba. Ko ta korona a 2021 wasunmu sai da aka matsa.

Tambayar Hajiya tana da amsa. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke jawo yawancin wannan sankara, kuma allurar ta fi aiki kafin yarinya ta haɗu da ita, shi ya sa ake yi tun kafin aure. Mata aka fara da su don su ciwon ke kashewa. Najeriya ta fara a Oktoban 2023, amma wasu ƙasashe tun 2006. Sau ɗaya ce, a dantse. Zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Na yi wa tawa.

Maman Ummi:
Na gode Malama. Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe ranar awo ce, zan ɗauki Hajiya a adaidaita mu je ta yi tambayarta da bakinta. In ni na kai mata bayani, cewa za ta yi boko ne ke ɗibata.