Fulogin ya ƙi ɗora hotuna: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Mai studiyo a Yantala:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Ina da hotunan wani ɗaurin aure da nake so in ɗora a zauren hotunan shafina, dangin amarya na Abijan da Faransa suna ta kirana. Da manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic nake aiki, zauren kuma manhajar Piwigo ce, akwai fulogin, wato ƙaramar manhajar ƙari, da ke haɗa su. Ƙananan hotuna suna hawa lafiya lau. Manyan kuwa, sandar takan tafi har kusan ƙarshe sai ta cije, saƙo ya fito da lamba 413. Wani yaro ya ce in goge komai in sake sawa. Kafin in taɓa, duk wanda ya taɓa shan irin wannan ya ba mu labari.

Mai haɗa shafuka, Filato:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka goge komai tukuna. Lamba 413 ba daga fulogin take fitowa ba, saba, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta, ita ce ke cewa kayan da aka turo sun fi ƙarfin ƙofarta. Na gyara wa mutane da dama wannan a nan Yamai. Piwigo da harshen kwamfuta na PHP aka rubuta shi, PHP kuwa idan ba a taɓa shi ba, mega 2 kawai yake yarda fayil ɗaya ya kai, duk abin da aka turo a tashi ɗaya kuma kada ya wuce mega 8. In sabar tana kan nginx ne, wata manhajar tafiyar da saba, abin ya fi tsanani, mega 1 ne iyakarsa ta asali, kuma shi ne ya fi yawan fitar da 413 ɗin nan. To hoton kyamara mai megafiksel 24 in ka fitar da shi da cikakken inganci yakan haura mega 10 cikin sauƙi. Wasu fulogin suna yanka hoto gunduwa-gunduwa kafin su tura, su ba sa gamuwa da wannan. Naka da alama a dunƙule yake turawa. Ko dai mai masaukin shafinka, wato wanda ya ba ka hayar sabar, ya ɗaga iyakar, ko kai ka rage girman. Ni dai na fi son ta biyu: a wurin saitin fitarwa ka sa dogon gefe fiksel 2048, inganci kamar 80. Wanda zai kalla a waya ba zai ga bambanci ba, forfenka kuma ya huta.

Dattijo mai hoto, Tawa:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Ni tawa ta sha bamban. Na dawo daga ɗaukar kokowa, na kunna kwamfuta, fulogin na Flickr, shafin ajiye hotuna, ya ce ba ya iya shiga asusuna. Kalmar sirri daidai take, a waya tana buɗewa. Jikana ne ya leƙo ya ce, Baba, dubi kwanan watan da ke ƙasan allo. Ashe kwamfutar ta koma shekaru baya. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke cikinta, CR2032, shi ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai agogo ya rikice. In agogo ba daidai yake ba, kwamfuta takan ɗauka takardar shaidar tsaron shafin ba ta fara aiki ba ko ta ƙare, sai ta ƙi haɗawa. Muka sayo batiri a kasuwa, muka daidaita lokaci a kan na Nijar, awa ɗaya gaba da GMT, shi ke nan. Masu tsofaffin kwamfutocin tebur, ku fara duba nan.

Hajiya mai hoton suna da biki, Bukoki:
Ina wuninku. Ni nawa suna hawa, amma da nau'i biyu na ciwon kai. Na farko launi. Lalle da atamfar amarya da na gyara suka yi jajir a Lightroom, suna hawa shafi sai su koɗe kamar an wanke su da omo sau goma. Saitin launi ne yana kan ProPhoto RGB. Da na mayar da shi sRGB launi ya dawo. Wannan ba ya nuna saƙon kuskure ko ɗaya, uwar amarya ce kawai za ta kira ki ta ce me ya sami zanen 'yarta.

Na biyu sunan fayil. Nakan sa wa hotuna suna irin “Ɗaurin auren 'yar Hajiya”, wani lokaci da é na Faransanci. A wata tsohuwar saba da na yi haya, duk hoton da sunansa ke da ɗ ko ƙ ko alamar nan ta 'y, sai ya hau amma akwatinsa ya fito fanko. Yanzu sunan fayil lambobi ne da baƙaƙe marasa ƙugiya, ba tazara. Hausar da ƙugiyoyinta ina rubuta ta a gurbin take da bayani, can ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Ɗalibi mai ɗaukar hoto, Harobanda:
Yaya na Yantala, don Allah kada ka bi shawarar gogewa. Cire fulogin da mayar da shi ba wani abu ba ne, amma in ka goge haɗin da ke ƙarƙashin Services de publication, wato sashen da ake ɗora hotuna daga Lightroom, Lightroom ya manta wane hoto ya riga ya hau. Hotunan suna nan a shafi, shi kuma yana ganinsu sababbi, in ka sake ɗorawa kowanne ya zama biyu. Na ga wanda ya kwana yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Game da rezo kuma, ni da waya nake ba kwamfuta intanet. Da yamma in ka saki hoto ɗari a tashi ɗaya, tsakiyar hanya zai yanke. Ina tura ashirin-ashirin, bayan asuba, kuma ina hana kwamfutar yin barci.

Mai studiyo a Yantala:
Allah ya saka da alheri. Na rage zuwa 2048 kamar yadda ƙanena na Filato ya ce, duk sun hau, an tura wa na Abijan. Hajiya, na duba nawa, dama yana kan sRGB. Saura abu ɗaya: ango yana son wasu hotuna da cikakken girmansu don ya wanke manya. Mai masaukin ya ɗaga iyakar, sun hau, amma ƙananan hotunan dubawa ba su fito ba.

Mai gyaran kwamfuta, Katako:
Kafin a amsa masa, bari in sa baki, don ni ake kawo wa injinan. Rabin waɗanda ke zuwa da kukan fulogin, tsufan kayan aiki ne. Mutum yana kan Windows 7, wanda aka daina tallafa wa tun Janairun 2020, da Lightroom 6 da aka daina sabuntawa a ƙarshen 2017, yana so ya yi magana da shafukan yau. Wani har yanzu yana neman maɓallin Facebook a ciki, alhali wannan hanyar ta rufe tun Agustan 2018. Wani Picasa yake tambaya, manhajar hotuna ta Google wadda aka ajiye a 2016. Waɗannan ba gyara gare su ba. Mai asusun Flickr na kyauta kuma ya ƙirga hotunansa, tun 2019 iyaka 1,000 ce, in ta cika ba abin da zai ƙara hawa.

Sai masu barin jakar fulogin a kan kile ko cikin jakar saukarwa, ran da aka zare kilen ko aka yi shara Lightroom ya neme ta ya rasa. A cikin Lightroom ku buɗe Fichier, ku shiga Gestionnaire de modules externes. In ɗigon da ke gefen sunansa kore ne, yana aiki. In ba kore ba ne, ku karanta abin da aka rubuta a gefen dama, ku ɗauki hotonsa kafin ku zo wurina.

Mai haɗa shafuka, Filato:
Yaya na Yantala, matsalar ƙananan hotunan dubawar nan ta ƙwaƙwalwar saba ce. Kafin ta yi ƙaramin hoto sai ta buɗe babban gaba ɗaya. Hoto mai fiksel 6000 a 4000 ɗigo miliyan 24 ke nan, kowane ɗigo yana cin bayit 4, kusan mega 96 tun ba a fara aiki ba, PHP kuma mega 128 yake bayarwa a asali. Ka ce wa mai masaukin ya kai ta 256, ko ya sa Piwigo ya yi aiki da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick maimakon ta GD. In ya ce tsarin da ka biya bai kai nan ba, ka bar masu 2048 a zaure, manyan ka zuba wa ango a kile ya aiko a karɓa.