Jar fitilar iyabag ta ƙi mutuwa a EOD ɗina, rewaya ya ce a cire ƙwan kawai

Mai_EOD_Gumel:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin wayarin ɗin mota ku taimaka min da shawara. Motata Honda ce EOD 2005, shekara uku tana hannuna ba ta taɓa kunna min wata fitila ba sai satin da ya wuce. Jar fitilar nan ta iyabag (jakar iskar nan da ke buɗewa ta kare mutum in an yi hatsari), da in na murɗa makulli takan kama ta ɗan jima ta mutu, to yanzu ta kama ta zauna daram.

Ga yadda abin ya faro. Ranar Alhamis mun dawo daga kasuwar Maigatari, maiɗakina ta ajiye robar nono a gaban ƙafarta, muka faɗa wani rami robar ta kife, nonon nan ya malale har ƙarƙashin kujera. Washegari na kai wa yara masu wanki, su kuma suka yi ta sheƙa wa kafet ɗin ruwa da bokiti, kwana biyu ƙasan yana jiƙe. Ran Lahadi muna kan burjin garinmu maiɗakina ta ja kujerarta baya, ba mu yi nisa ba sai ga fitila. Na je wajen wani rewaya ya ce ai ba komai ba ne a cire ƙwan ko a manna baƙin salatif a kai, yaronsa kuma har ya ɗauko testa zai fara caccakar wayoyin ƙarƙashin kujera, ni dai hankalina bai kwanta ba na ce su bari.

Sannan akwai wata daban mai rubutun SIDE AIRBAG OFF, ita tun da can takan kama in ɗana ya zauna a gaba ya yi barci ya jingina da ƙofa. Shin matsalarsu ɗaya ce? Iyalina nake ɗauka a motar nan, shi ya sa na damu.

Rewayan_Kazaure:

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka kyauta da ka hana yaron nan, kuma dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya riƙe: ba a sa testa ko mita a kan layin iyabag. Abin da ke cikin jakar wani ɗan kan wuta ne da ke jiran lantarki kaɗan ya tashi, ƙarfin jurewarsa bai wuce om 2 zuwa 3 ba, testa kuwa wutar batir take turawa kai tsaye. In ta fashe lokacin da mutum ya sunkuya kansa na jikin kujera, Allah dai ya kiyaye. Shi ya sa kamfanoni suke yin soket da rigar wayoyin nan ruwan ɗorawa, don kowa ya gane su ya ja baya.

Fitilunka biyu ba ɗaya ba ne. Waccan ta SIDE AIRBAG OFF ba lalacewa ba ce, akwai na'ura a cikin majinginar kujerar fasinja da ke gane in ƙaramin yaro ne ya zauna ko mutum ya karkata ta wajen ƙofa, sai ta kashe jakar gefen don kar ta buge shi a kai. In ya gyara zama za ta mutu. Amma shawara ta ɗan'uwa, yaro dai a baya ya fi, da bel.

Jar ita ce magana. A ƙa'ida in ka buɗe makulli za ta kama kamar daƙiƙa 6, birenbos ɗin iyabag, wato ƙwaƙwalwar da ke kula da shi, ya bi layukansa ɗaya bayan ɗaya, in komai lafiya ya kashe ta. In ta zauna to ya ga wani layin ya yanke, ko ya haɗe da wani, ko ya taɓa bodi, kuma daga nan ba ka da tabbacin jakar za ta buɗe ranar da ake bukatarta. Daga labarinka ni zargina na kan soket ɗin ƙarƙashin kujerar fasinja, don jakar gefe a jikin kujerar take, wayarta ta ƙarƙashi take bi ta shiga kafet, kullum aka ja kujera gaba ko baya sai wayar ta motsa, ga ruwa da nono sun shiga, nono kuma da tsaminsa yana cin bakin ƙarfe, ko ɗan tsatsa kaɗan ya isa birenbos ya ɗauka layin ya yanke. Amma zargi ne kawai, kar ka sayi komai sai an sa kwamfuta ta faɗi layin. Kuma ka tambaya tukuna ko kwamfutarsu tana shiga SRS, wato ɓangaren iyabag, don ƙananan nan da ake haɗawa da wayar hannu yawancinsu injin kaɗai suke karantawa, sai a ce maka ba a ga komai ba alhali kuskuren na nan.

Zai iya zama makullin bel ne, ko sensan da ke ginshiƙin tsakanin ƙofofi, ko batir da ya yi sanyi. In da hon ma ya daina yi da na ce a duba wayar cikin sitiyari.

Tsohon_Direba_Ringim:

Yaro ka cire kan batir ka bar shi ya kwana, da safe ka mayar. Ni haka nake yi wa tawa in ta kunna fitilar inji.

Rewayan_Kazaure:

Baba Allah ya ƙara girma, amma ta iyabag ba ta gogewa da haka, kuskuren a ajiye yake a ciki ko an cire batir. Wasu motocin in an gyara matsalar fitilar kan mutu da kanta, wasu sai an goge da kwamfuta. Cire batir ɗin dai dole ne kafin a taɓa soket mai ruwan ɗorawa: a kashe makulli, a cire kan baƙin, a jira minti 3 kamar yadda Honda suka ce, Toyota su daƙiƙa 90 suke cewa, saboda akwai sauran wuta da ke zama a cikin birenbos ɗin. Malam ka tabbata kuma kana da lambar rediyonka kafin nan, don irin naku in aka cire batir yakan kulle ya nemi lamba.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:

Ni kayan gyara nake sayarwa, abin da zan ƙara shi ne ka tsaya a kan motarka lokacin aikin. Akwai masu cusa ɗan resista a bakin soket, birenbos ya ɗauka jaka na nan fitila ta mutu, kai kuma ka biya ka tafi kana murna alhali an raba jakar da layinta gaba ɗaya. Mai gaskiya yana sa irin wannan ne don gwaji kawai, ya gane ko wayar ce ko jakar, sannan ya cire. Motoci nawa 'yan Kwatano da suka yi hatsari a waje aka shigo da su da wannan dabarar, abin yana min ciwo sosai don mai saye bai san komai ba. Kuma in akwai rigar kujera mai kauri da ta rufe gefen majingina ka cire ta, ta ɗinkin nan jakar ke fitowa.

Mai_EOD_Gumel:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Jiya na shiga Kano, aka sa babbar kwamfuta ta nuna layin jakar gefe ta kujerar fasinja ne a buɗe. Muka cire batir na duba agogo da kaina sai da minti 3 ya cika, da aka zare soket ɗin wallahi bakin ya yi kore-kore har da busasshen nono a jiki, ɗan maƙalin da ke riƙe wayar da ƙarfen kujera ma ya karye tana lilo. Ya fesa masa maganin wanke soket ya bar shi ya bushe, ya mayar har ya yi ƙas, ya ɗaure wayar ya bar mata ɗan sarari yadda kujera ba za ta ja ta ba, sannan ya goge. Na ja kujerar gaba da baya ya fi sau goma a gabansa fitila ba ta dawo ba, na taho gida ta kan burjin nan ma shiru.

Saura ƙasan kafet da har yanzu da danshi. Oga na Kazaure, in ɗaga kafet ɗin gaba ɗaya ne ko in bar ƙofofi a buɗe a rana ya isa?

Rewayan_Kazaure:

Alhamdulillahi. Ɗaga shi Malam, soson da ke ƙasa yana riƙe ruwa ya yi sati, kuma birenbos ɗin iyabag a ƙasa yake a tsakiyar mota ta wajen giya, kar danshin ya kai can. Ka sa katako ka tokare kafet ɗin kwana biyu a rana. In za a kwance kujera sai an sake cire batir, kuma kar kowa ya buɗe makulli soket na zare, in ba haka ba fitilar za ta dawo ka koma Kano gogewa.